Littattafan Tarihi na Yau da Marubutan Zamanin Biktoriya da Aka Manta: Me Ake Samu Idan An Haɗa Su a Karatu?

Tun da Zadie Smith ta fitar da littafinta The Fraud a 2023, sunan wani marubuci da aka daɗe da binnewa ya sake fitowa a jaridun Birtaniya: William Harrison Ainsworth. A wajajen 1839 labarinsa Jack Sheppard ya fi Oliver Twist na Charles Dickens kasuwa. Ya rubuta ƙagaggun labarai kusan 40, ya rasu a 1882, amma yau ko cikin ɗaliban adabin Ingilishi da wuya a sami wanda ya taɓa buɗe ɗaya. Daga nan tambayar ta taso: wanda yake son sanin yadda aka rayu a Ingila ta ƙarni na 19, wa ya kamata ya saurara? Marubucin yau da ya yi bincike ya ƙaga labari, ko marubucin wancan zamani da aka manta?

Kuskure biyu ne ke yawo a kan batun. Na farko, wai mutanen wancan zamani kunya ta hana su rubuta komai a kan cin amanar aure, hauka da kisan kai, sai marubutan yau ne suka zo suka yaye labulen. Na biyu kishiyarsa ne, wai duk marubucin da aka manta zalunci aka yi masa, da an tono shi za a ga zinariya. Duka biyun ba sa jure karatu na gaske.

Abubuwa biyun da ake magana a kansu

Zamanin Biktoriya shi ne mulkin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901. Masanin adabi John Sutherland ya ƙiyasta cewa an buga ƙagaggun labarai kimanin 60,000 a tsakanin shekarun nan, daga hannun marubuta kimanin 7,000. Waɗanda ake karantarwa a makarantu ba su kai ashirin ba: Dickens, George Eliot, 'yan gidan Brontë, Thackeray, Trollope, Gaskell, Hardy da wasu 'yan kaɗan. Sauran su ake nufi da "waɗanda aka manta", kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fi manyan ciniki a lokacinsu, irin su Mary Elizabeth Braddon, Ellen Wood, Margaret Oliphant, Charlotte Yonge, Charles Reade da G. W. M. Reynolds.

Ƙagaggen labarin tarihi kuwa shi ne wanda aka ɗora a kan zamanin da marubucin bai rayu a ciki ba. Gasar Walter Scott, wadda aka fara a 2010, ta sa iyaka da cewa akasarin labarin ya faru aƙalla shekara 60 kafin a buga shi. Reshen da ya shafe mu shi ne littattafan da aka rubuta daga shekarun 1960 zuwa yau amma aka mayar da su ƙarni na 19: The French Lieutenant's Woman na John Fowles (1969), Possession na A. S. Byatt (1990), Fingersmith na Sarah Waters da The Crimson Petal and the White na Michel Faber (dukansu 2002), The Luminaries na Eleanor Catton (2013), sai kuma na Smith.

Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: marubucin yau ya san yadda abubuwa suka ƙare, ya san wace doka aka soke, wace aƙida ta mutu, don haka yana zaɓen abin da zai nuna. Marubucin 1862 bai sani ba. Yana zuba abubuwan da a wurinsa ba su da wani muhimmanci, kamar kuɗin hayar ɗaki, lokacin da jirgin ƙasa ke tashi, da wanda ya kamata ya fara gaida wani, kuma a cikin irin waɗannan tarkacen ne zamanin yake fitowa fili.

Yadda kasuwa ta yanka wa labari riga

Ba za a fahimci tsohon littafin ba sai an san yadda ake sayar da shi. Daga 1821, lokacin da aka buga Kenilworth na Walter Scott, har zuwa 1894, sabon ƙagaggen labari mai daraja yakan fito ne cikin juzu'i uku a kan sule 31 da sisi. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato lissafin da aka yi amfani da shi a Najeriya har zuwa 1973. Ma'aikacin gona a kudancin Ingila yana samun abin da bai fi sule 10 zuwa 15 ba a mako, ke nan littafi ɗaya ya cinye masa ladan mako biyu zuwa uku. Kusan ba mai saye. Haya ake yi.

Sarkin hayar shi ne Charles Edward Mudie, wanda ya fara ba da aron littattafai a Landan a 1842. Da sule 21 a shekara mutum zai riƙa ɗaukar juzu'i ɗaya a lokaci guda. Raba labari uku ya yi wa Mudie daɗi, domin littafi ɗaya yana hannun mutum uku a rana ɗaya, kuma gidan da ba ya son jira sai ya biya rajista mai tsada. Wanda ya san shagunan hayar littattafan soyayya a Kano, inda ake karɓar na ɗaya a dawo gobe neman na biyu, ya riga ya gane tsarin. Bugun farko sau da yawa bai wuce kwafi 500 zuwa 1,000 ba, kuma ɗakunan haya ne ke kwashe mafi yawansa. Saboda haka idan Mudie ya ƙi littafi, an kashe shi tun a maɗaba'a.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, tsawo. Dole a cika shafi kusan 900, kalmomi 150,000 zuwa 200,000, ko labarin ya isa ko bai isa ba. Shi ya sa juzu'i na biyu a yawancin waɗannan littattafai yake da nauyin tafiya: a kai jaruma bakin teku ta yi jinya, a shigo da wani kawu da ba shi da aikin yi, a karanta wasiƙa mai shafi shida. Na biyu, tacewa. Mudie mutum ne mai riƙon addini, yana zaɓen abin da a ganinsa za a iya karantawa a gaban 'yan mata. George Moore, wanda aka hana littafinsa na farko shiga sosai, ya fitar da ƙasidar suka a kan tsarin a 1885. Henry Vizetelly ya yi wata uku a kurkuku a 1889 saboda buga fassarar littattafan Émile Zola. To, kunyar da ake jingina wa zamanin tana da asali, amma kunya ce ta wani sashe na kasuwa.

Akwai wani sashen. Reynolds ya riƙa sayar da The Mysteries of London a kan kwabo ɗaya kowane mako daga 1844, shi da cigabansa suka ɗauki shekara 12 suna fita. Leburori, barori da yaran shago ne masu karatunsa, kuma babu abin da ya rage: gidajen karuwai, masu tono gawa su sayar wa likitoci, manyan mutane masu lalata da 'ya'yan talakawa, alƙalai masu cin hanci. Wanda ya karanta littafin Faber a kan wata karuwa a Landan ta shekarun 1870 ya ɗauka sabon abu ne, ya leƙa Reynolds. Abin da Faber ya ƙara shi ne bayyana al'amuran jiki ɓaro-ɓaro da shiga cikin zuciyar matar. Batun kansa an daɗe ana cin abinci da shi.

A 1894 Mudie da W. H. Smith, wani babban kamfanin hayar littattafai, suka sanar cewa ba za su ƙara biyan fiye da sule 4 a kan juzu'i ba. A shekarar an buga littattafai masu juzu'i uku 184. A 1897 huɗu kacal aka buga. Marubutan da suka gina sana'arsu a kan tsohon tsari suka wayi gari salonsu ya zama tsohon yayi.

Wa ya manta da su?

Mantuwar ba ta faɗo daga sama ba. Marubutan farkon ƙarni na 20 sun ƙosa da duk wani abu mai ƙamshin iyayensu. Virginia Woolf, a 1938, ta kawo Oliphant a matsayin misalin mace mai basira da ta sayar da ƙwaƙwalwarta don ciyar da iyali. Akwai gaskiya a ciki, domin mijin Oliphant ya rasu a 1859 ya bar ta da bashi da yara, daga baya ta ɗauki nauyin iyalan ɗan'uwanta, ta rubuta ƙagaggun labarai sama da 90. Sai dai hukuncin ya rufe ƙofa ga littattafanta masu kyau tare da marasa kyau. A 1948 F. R. Leavis na Jami'ar Kambirij ya taƙaita manyan marubutan labari na Ingilishi zuwa huɗu: Jane Austen, George Eliot, Henry James da Joseph Conrad. Manhajar jami'o'i ta bi sawu, har da jami'o'in ƙasashen da Birtaniya ta mallaka. Abin da ba ya cikin manhaja ba a sake buga shi, abin da ba a buga ba kuwa ba a karanta shi.

Juyin ya fara ne a shekarun 1970, da littafin Elaine Showalter na 1977 a kan marubuta mata, da kuma maɗaba'ar Virago da ta shiga sake buga waɗanda suka ɓace. Da yawa daga cikin marubutan labarin tarihi na yau a wannan ruwan suka yi wanka. Sarah Waters ta yi digirin digirgir a adabi kafin ta fara ƙaga labari, Byatt ta koyar a jami'a. Wato su da kansu sun karanta waɗanda aka manta. Mai karatunsu ne kawai bai karanta ba, shi ya sa yake ɗaukar aro a matsayin ƙirƙira.

Inda tsohon yake gyara wa sabon zama

A ɗauki Fingersmith. An ɗora shi a shekarun 1860: wata yarinya da ta tashi a gidan ɓarayi a kudancin Landan ta shiga gidan masu kuɗi a matsayin baranyar ɗaki, da shirin a yaudari magajiya, a aure ta, a jefa ta gidan mahaukata, a kwashe dukiya. Mai karatun yau yakan ce ai wannan ya yi kama da fim. A ajiye shi kusa da Lady Audley's Secret na Braddon (1862) da Hard Cash na Reade (1863), sai a ga cewa kayan aikin duka na wancan zamani ne. A na Braddon, mace ce mijinta ya tafi neman zinariya Ostireliya ya bar ta da jariri babu ko kwabo, ta canza suna, ta yi aure a kan aure da wani dattijo mai sarauta, kuma ƙarshenta a wani gidan masu taɓin hankali ne a Beljiyam. A na Reade, uba ne ya sa aka kulle ɗansa mai cikakken hankali don kada ya tona masa asirin cin amanar kuɗi.

Me ya sa labaran shekarun 1860 suka cika da waɗannan abubuwa? Doka ce. Don a kulle mutum a gidan mahaukata mai zaman kansa, takardar shaida daga likitoci biyu da buƙatar wani ɗan'uwa sun wadatar. Sai a dokar 1890 aka wajabta sa hannun mai shari'a. A 1858 marubuci kuma ɗan siyasa Edward Bulwer-Lytton ya sa aka kulle matarsa Rosina bayan ta tozarta shi a gaban taron zaɓe, kuma hayaniyar jaridu ce ta fito da ita cikin 'yan makonni. Saki kuwa, kafin 1857 sai majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a kan auren mutum. Bayan dokar 1857, miji yana iya sakin mata idan ya tabbatar ta yi zina, amma ita sai ta tabbatar da zina haɗe da wani laifin, kamar azabtarwa ko gudu ya bar ta shekara biyu. Dukiyar mace tana komawa hannun miji ranar aure, har sai da dokokin 1870 da 1882 suka canza haka. A kuma tuna cewa a dokar Ingila mace biyu ga namiji ɗaya laifi ne na ɗauri, daidai da miji biyu ga mace ɗaya. Inda saki ya yi wuya haka, aure a kan aure shi ne ƙofar baya, kuma shari'ar Yelverton ta 1861, a kan wani hafsan soja da aka zarga da auren mata biyu, ta sa batun a bakin kowa. Braddon kanta ta zauna shekaru da mawallafi John Maxwell ba aure, domin matarsa tana raye, sai a 1874 suka yi aure bayan rasuwarta.

To me ya bambanta su? Braddon dole ta hukunta jarumarta a ƙarshe, kuma dole ta bar ƙofar cewa hauka ce ta gado ta sa ta, ko da yake mai karatu mai lura zai ga cewa talauci da wayo ne. Waters ba ta da wannan takunkumi, ta kuma sa soyayya tsakanin matan biyu a tsakiyar labarin, abin da ba mai bugawa a 1862. Idan an karanta su tare, ana ganin daidai inda layin yake: abin da za a iya faɗa, abin da za a iya nunawa da ido kawai, da abin da sai an jira shekara 140.

Wuri na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne addini. Yawancin labaran tarihi na yau marubuta ne da ba su damu da ibada ba suke rubuta su, don haka mai addini a cikinsu ko dai munafuki ne, ko mai ciwon zuciya, ko wanda ke dab da barin imani. Amma littafin da ya mamaye gidajen Ingila a 1853 shi ne The Heir of Redclyffe na Charlotte Yonge, labarin saurayi mai zafin zuciya da ke yaƙi da fushinsa saboda Allah, ya yafe wa ɗan'uwan da ya ɓata masa suna, ya yi jinyarsa har ya kamu da zazzaɓin ya mutu. Hafsoshin soja sun karanta shi a yaƙin Kirimiya, kuma Yonge ta ba da wani kaso na ribarsa don jirgin ruwan 'yan mishan a tsibiran Fasifik. A 1888 Robert Elsmere na Mary Ward, a kan limamin coci da shakka ta shige shi, ya ja hankali har tsohon firaminista Gladstone ya rubuta doguwar maƙala a kansa. Mutanen nan da gaske suke. Wanda bai karanta irin Yonge ba zai ɗauka kowa a ƙarni na 19 ɗan zamani ne da aka tilasta wa sa tsohuwar riga.

Haka batun mata da sana'a. Hoton da aka saba shi ne mace a kulle a falo tana saƙa. A Hester na Oliphant (1883), mace ce ta ceci bankin danginta daga rushewa ta kuma riƙe shi shekaru, garin duka yana jin tsoronta. Ellen Wood ta mallaki mujallar Argosy tana shiryawa, Braddon ta shirya Belgravia. Charlotte Riddell ta ƙware a labaran 'yan kasuwa da akantoci da karyewar jari.

Inda sabon yake ganin abin da tsohon ya kau da kai

Nan ne The Fraud ya yi amfani. Ginshiƙinsa shari'ar Tichborne ce. Roger Tichborne, magajin wani gidan sarauta, ya ɓace a teku a 1854. Bayan shekara goma sha ɗaya wani mahauci daga garin Wagga Wagga na Ostireliya ya fito ya ce shi ne. Uwar Roger ta karɓe shi a Paris a 1867, sauran dangi suka ce sojan gona ne, Arthur Orton ɗan unguwar Wapping. Shari'ar laifi ta ci zama 188, a Fabrairun 1874 aka yanke masa shekara 14. Babban mai ba shi shaida shi ne Andrew Bogle, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Jamaika, wanda ya yi wa gidan Tichborne hidima shekaru. Smith ta ba Bogle fili ya ba da labarin gonakin rake.

Marubutan zamanin ba su yi wannan ba. A littattafansu kuɗin Jamaika ko na Indiya yakan shigo ne ta wasiyyar wani kawu, ba a tambayar wa ya yi gumin. Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, ta biya masu bayi diyyar fam miliyan 20, bayin ba su sami komai ba, kuma kuɗin nan ya shiga gidaje irin waɗanda labaran ke zagayawa a falonsu. Idan tsofaffin suka waiwayi waɗanda aka mallaka, sau da yawa da idon raini ne. Confessions of a Thug na Philip Meadows Taylor (1839) ya sa wani Musulmin Indiya yana ba da labarin kashe-kashensa da bakinsa, ya kuma taimaka wajen kafa hoton da Turawa suka riƙe na cewa mulkinsu ne ya kawo tsaro. Wani abin lura ga mai karatu a nan: Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya a jaridar The Times a 1897 kuma ta auri Lugard a 1902, ita ma tana cikin jerin marubutan labari da aka manta, domin da labaran yara ta fara, kamar Castle Blair a ƙarshen shekarun 1870.

Sai dai sabon ma yana da nasa lauje cikin naɗi. Eliza Touchet, wadda ta riƙe gidan Ainsworth kuma ta idonta ake ganin akasarin labarin a littafin Smith, ta rasu a 1869, kafin a fara shari'ar. Smith ta ƙara mata kwana don labarin ya yiwu. Ba laifi ba ne a ƙagaggen labari, amma wanda ya ɗauke shi a matsayin tarihi ya yi tuntuɓe.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Suna da hujja. Da yawa daga cikin 60,000 ɗin nan ba su da kyau, kuma Ainsworth na ƙarshen rayuwa yana ciki: jarumai suna magana da wani tsohon Ingilishi na ƙarya, labari yana tsayawa cik don a bayyana tsarin ginin wata hasumiya. Smith ma ba ta ɓoye wannan ba. Wanda yake da lokacin littafi goma a shekara, in ji su, ya karanta Middlemarch na George Eliot ya huta.

Amsar ita ce Ainsworth marubucin labarin tarihi ne, shi da Bulwer-Lytton da Reade. Abin da masu karatun 1840 suka ɗauka ainihin tarihi ne, yau kowa yana ganin damuwar 1840 ce a cikin tufafin 1700. Babu dalilin da zai sa littattafan 2002 ko 2023 su tsira daga wannan. Karanta shi yana koya wa mutum gane inda marubucin yau ya cusa wa jarumarsa ra'ayin da sai a jami'ar ƙarni na 21 ake samunsa. Akwai kuma ɓangare na uku, masana irin su Franco Moretti, da ke cewa tun da ba mai iya karanta dubban littattafai, a bar kwamfuta ta ƙirga su a fitar da tsari. Wannan yana da amfani ga mai bincike, amma ba ya gaya wa kowa ko babi na 12 yana da daɗi.

Yadda ake haɗa karatun, da inda ake samun matsala

A haɗa bisa shekaru da batu, kada tazarar ta wuce shekara goma zuwa goma sha biyar. Ingila ta 1840 da ta 1890 ƙasashe biyu ne: ɗaya jirgin ƙasa yana jariri, ɗaya akwai wayar tangaraho, makarantun gwamnati tun dokar 1870, da mata masu aikin ofis. Fingersmith ya dace da Braddon ko Reade, Faber da Reynolds, The Fraud da Jack Sheppard, ko da yake waɗannan biyun na ƙarshe batu ne ya haɗa su fiye da shekaru. The Luminaries, wanda ke faruwa a filin haƙar zinariya na Niyu Zilan a 1866, ya dace da kowane labarin asiri na shekarun 1860.

A fara da na zamani, domin harshensa ya fi sauƙi kuma yana shimfiɗa fage. Ana karantawa ana rubuta abu huɗu a gefe: nawa ake samu nawa ake kashewa, wace doka ce ta ɗaure jarumi, me barori ke yi, da yadda ake maganar Allah. Sannan a shiga tsohon da tambayoyin nan. Don auna kuɗi, malamar gida mai koyar da yara tana samun kimanin fam 20 zuwa 40 a shekara, baranya ƙasa da haka. Idan labari ya ce wani yana da fam 500 a shekara, mai rufin asiri ne sosai. Fam 5,000 kuwa attajiri ne.

Tsohon littafi kada a sha shi a zama ɗaya. Da yawa daga cikinsu kashi-kashi suka fara fita a mujalla, kuma kason wata irin na Dickens shafi 32 ne, babi uku ko huɗu. A bi wannan ma'auni. Maimaicin da ke gundura an yi shi ne don wanda ya yi wata guda bai ga labarin ba. Kalmomi 180,000 suna cin awa 15 ga mai karanta 200 a minti, wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba ne ya ƙara rabi. Reynolds kuwa ba a gama shi, kaso 20 ko 30 na farko sun isa a gane duniyarsa.

Littattafan sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samunsu kyauta a Project Gutenberg da Internet Archive, wasu kuma da murya a LibriVox. Rubutu zalla na labari mai juzu'i uku wajajen megabayit ɗaya ne, amma hoton shafuka yana iya kai megabayit da dama a kowane juzu'i, abin lura ga mai lissafin data. Matsalar da aka fi faɗawa ita ce sauke juzu'i na biyu a ɗauka littafin ke nan, sai a ga labari ya fara daga tsakiya. A duba shafin farko. Ta biyu, rubutun da na'ura ta kwafo daga tsohon bugu yakan zo da haruffa a hargitse. Ta uku, bugu daban-daban ba ɗaya ba ne: na mujalla wani lokaci an tace shi, na araha na ƙarshen ƙarni wani lokaci an rage shi ba tare da sanarwa ba. Ta huɗu, suna. Ellen Wood tana fitowa da sunan Mrs Henry Wood, Riddell ta yi amfani da sunan F. G. Trafford, wasu kuma ba suna sam sai "marubucin littafi kaza".

Wanda zai iya saye ya nemi bugun Oxford World's Classics, Penguin Classics ko Broadview, saboda bayanan ƙarshe da ke warware jimlolin Faransanci da ishara zuwa Baibul, waɗanda marubutan ke zubawa ba fassara. Bugun Broadview yakan haɗa da sharhin jaridun lokacin da guntayen dokoki. Gabatarwar da malamai ke rubutawa a farkon waɗannan bugu kusan kullum tana tona ƙarshen labari, don haka a tsallake ta sai an gama. Iyaye da malamai kuma su san cewa na Waters da na Faber suna da bayanin jima'i a fili, ba na 'yan sakandare ba ne. Ga ajin matasa, Yonge, Oliphant ko John Halifax, Gentleman na Dinah Craik (1856) sun fi dacewa, a haɗa su da babi biyu ko uku da malami ya zaɓo daga littafin zamani.